Fox News da Siyasar Amurka: Inda Gizo Ke Saƙar

Ranar 18 ga Afrilun 2023, a wata kotu da ke Wilmington ta jihar Delaware, an riga an rantsar da mutanen da za su taya alƙali yanke hukunci, lauyoyi na shirin buɗe baki, sai alƙali Eric Davis ya sanar da cewa ɓangarorin biyu sun sasanta. Tashar Fox News ta amince ta biya kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, dala miliyan 787.5 saboda ƙaryar da aka yi ta yaɗawa a shirye-shiryenta cewa na'urorinsa ne suka murɗe zaɓen 2020 suka ba Joe Biden nasara. Kuɗin ya ja hankalin duniya, amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne takardun da shari'ar ta fito da su: saƙonnin waya, wasiƙun imel da bayanan rantsuwa na manyan tashar. A cikinsu ne aka ga yadda ake yanke shawarar abin da za a faɗa wa masu kallo, da kuma abin da ke sa a yanke ta.

Shekara da shekaru ana zargin Fox News da karkata ga jam'iyyar Republican. Zargin gaskiya ne, sai dai bai isa ya bayyana matsalar ba. Jarida ko tasha mai ɓangare tsohon abu ne a Amurka, kuma doka ba ta hana ba. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda tasha ke tara masu kallo ta hanyar ba su abin da ransu ke so, har ta kai ranar da ba ta da ikon gaya musu abin da ba sa son ji, ko da ta san shi ne gaskiya.

Asalin tashar da hanyar kuɗinta

Rupert Murdoch, attajirin kafafen labarai haifaffen Ostireliya, shi ya kafa Fox News, ta fara aiki ranar 7 ga Oktoban 1996. Wanda ya ɗora a kanta shi ne Roger Ailes, mutumin da ya yi wa Richard Nixon aikin gyara kamanninsa a talabijin a yaƙin zaɓen 1968, ya kuma yi wa Ronald Reagan a 1984 da George Bush babba a 1988. Ke nan tun ranar farko, ƙwararren mai tallata 'yan takara ne ke riƙe da ɗakin labarai. Lissafin Murdoch da Ailes mai sauƙi ne: akwai miliyoyin Amurkawa masu ra'ayin riƙau da ke ganin manyan jaridu da tashoshi sun raina su, kuma babu mai yi musu magana a talabijin. Taken da tashar ta ɗauka, wanda ta ajiye a 2017, yana iƙirarin adalci da daidaito, wato ita ce ta zo ta gyara sikelin da wasu suka karkatar. A watan Janairun 2002 ta wuce CNN a yawan masu kallo.

Fox News tashar kebul ce. Ba a kama ta da eriya, sai an biya kuɗin wata, kamar yadda ake biyan DStv ko StarTimes. Wannan ya ba ta hanyar samun kuɗi biyu. Ta farko talla ce. Ta biyu, wadda ta fi tsoka, ita ce kason da kamfanonin rarraba tashoshi ke biyanta a kan kowane gida da ke cikin tsarinsu, wajen dala 2 a wata, ko gidan yana kallonta ko ba ya kallo. Da farko Murdoch ne ya riƙa biyan kamfanonin kusan dala 10 a kan kowane gida don su saka tashar, daga baya lamarin ya juya.

Wannan tsari na da sakamako biyu da ba kowa ke lura da su ba. Na ɗaya, ƙauracewar masu talla ba ta cika girgiza tashar ba. Lokacin da Glenn Beck, mai gabatar da shiri a tashar a wancan lokacin, ya kira Shugaba Barack Obama mai ƙin fararen fata a Yulin 2009, kamfanoni da yawa sun janye tallarsu daga shirinsa, amma kuɗin wata ya ci gaba da shigowa. Na biyu, ƙarfin tashar a teburin ciniki ya dogara ne ga zafin kishin masu kallonta. Idan kamfanin rarrabawa ya san cewa cire Fox News zai sa dubban mutane su soke rajistarsu, dole ya biya farashin da aka yanka masa. Saboda haka kadarar tashar ta gaske ita ce amincewar wani rukuni na mutane, akasarinsu fararen fata masu shekaru sittin da wani abu. Duk abin da zai taɓa wannan amincewa ya taɓa gindin kasuwar.

Me ya sa hukuma ba ta tsawata mata?

Mai karatu a Najeriya zai yi wannan tambaya, don ya saba ganin hukumar NBC tana cin tarar tashoshi, kamar naira miliyan 3 da ta ɗora wa kowace daga Channels, AIT da Arise a Oktoban 2020 kan zanga-zangar EndSARS, kafin wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a Mayun 2023 hukumar ba ta da hurumin cin tara. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC tana ba da lasisi ne ga tashoshin da ke amfani da iskar jama'a. Tashar kebul ba ta buƙatar wannan lasisi. An taɓa yin wata ƙa'ida, daga 1949 zuwa 1987, da ta wajabta wa tashoshin rediyo da talabijin su kawo ɓangarori mabambanta a kan batutuwan da ake taƙaddama. Ana yawan cewa soke ta ne ya haifi Fox News, amma wannan kuskure ne, domin ƙa'idar ba ta taɓa hawa kan tashoshin kebul ba. Abin da sokewar ta haifar shi ne rediyon masu ra'ayin riƙau irin na Rush Limbaugh, wanda ya nuna cewa akwai kasuwa, Fox kuma ta zo ta gina shago a cikinta.

A Birtaniya abin ya bambanta. A Nuwamban 2017 hukumar Ofcom mai kula da kafafen watsa labarai ta yanke cewa wasu shirye-shiryen masu sharhin Fox, Sean Hannity da Tucker Carlson, sun saɓa ƙa'idar rashin nuna ɓangaranci, ko da yake a lokacin an riga an daina nuna tashar a ƙasar. A Amurka kuwa, birkin da ya rage shi ne ƙarar ɓata suna, ita ma da wuyar ci. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, fitaccen mutum ba ya cin irin wannan ƙara don kawai an yi masa ƙarya. Sai ya tabbatar cewa wanda ya yaɗa ƙaryar ya san ƙarya ce, ko kuwa ya yi shakka mai ƙarfi amma ya rufe ido ya yaɗa.

Ƙorafi kala uku da ake cakuɗawa

Sukar da ake wa tashar iri uku ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce zaɓen labari: me aka ɗaga, me aka danne, sau nawa aka maimaita. A nan ba a buƙatar ƙarya ko ɗaya. Ƙungiyar Media Matters, wadda ita ma mai ɓangare ce kuma aikinta bin diddigin kafafen masu ra'ayin riƙau, ta ƙirga cewa shirye-shiryen yamma na Fox sun tattauna harin da aka kai ofishin jakadancin Amurka a Benghazi ta Libiya a 2012 kusan sau 1,100 a cikin wata 20. Harin gaskiya ne, an kashe Amurkawa huɗu ciki har da jakada. Amma wanda ya ji batu ɗaya sau dubu zai ɗauka babu abin da ya fi shi girma a ƙasar. Haka aka yi da ayarin bakin haure daga tsakiyar nahiyar Amurka gab da zaɓen rabin zango na 2018: kullum yana kan allo, ana gama zaɓe labarin ya yi sanyi, alhali mutanen na nan kan hanya.

Masana biyu, David Broockman na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da Joshua Kalla na Yale, sun gwada ƙarfin wannan a Satumban 2020. Sun biya wasu masu kallon Fox dala 15 a kowace awa don su kalli CNN na tsawon wata guda. Da aka yi musu tambayoyi daga baya, abin da suka sani da abin da suke ganin ya fi muhimmanci sun sauya, musamman kan cutar korona da zanga-zangar da ake yi a lokacin. Bayan wata biyu da daina biyan, suka koma tasharsu, sauyin ma ya dushe. Binciken ya nuna cewa ita ma CNN tana tace labari ta nata ɓangaren.

Ta biyu ita ce gauraya labari da ra'ayi. Tashar takan kare kanta da cewa tana da sashe biyu, na 'yan jarida masu kawo rahoto da na masu sharhi. Akwai gaskiya a ciki. Chris Wallace, kafin ya bar tashar a ƙarshen 2021, ya yi suna wajen matsa wa 'yan siyasar kowane ɓangare. Bret Baier ya kalli Donald Trump ido da ido a Yunin 2023 ya gaya masa cewa ya faɗi zaɓen 2020. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Fox, wadda kamfani ɗaya mai alaƙa da Democrat da ɗaya mai alaƙa da Republican ke haɗuwa su gudanar, tana cikin waɗanda masana ke girmamawa. Sai dai lokacin da aka fi kallon talabijin, daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, na masu sharhi ne. Teburi iri ɗaya, tambari iri ɗaya, rubutun da ke gudu a ƙasan allo iri ɗaya. Mai kallo ba shi da wata alama da za ta gaya masa cewa ya fita daga rahoto ya shiga ra'ayi.

Lauyoyin tashar sun san amfanin wannan hazo. A 2020, a ƙarar ɓata suna da Karen McDougal, matar da ta ce ta taɓa yin soyayya da Trump, ta kai kan abin da Tucker Carlson ya faɗa a kanta, hujjar da suka kawo ita ce mai hankali ba zai ɗauki maganar Carlson a matsayin zahirin gaskiya ba, zai san akwai zuguguwa a ciki. Alƙaliya ta karɓi hujjar ta kori ƙarar. A shekarar ce kuma Rachel Maddow ta MSNBC ta tsira daga ƙarar tashar OAN da hujja makamanciyar wannan. Abin takaici ne a ce mutumin da miliyoyi ke saurare kowane dare don su san halin da ƙasarsu ke ciki, a gaban kotu kariyarsa ita ce bai kamata a yarda da shi ba.

A ƙarƙashin wannan ne batun kusanci da masu mulki yake. A daren zaɓen 2000, wanda ke jagorantar teburin hasashen sakamako na Fox shi ne John Ellis, ɗan uwan George Bush ƙarami na jini, kuma ya amsa cewa ya yi ta waya da Bush da ƙaninsa Jeb a daren. Fox ce ta fara ba Bush jihar Florida da ƙarfe 2:16 na dare, sauran tashoshi suka bi cikin mintuna, sannan duk suka janye kafin gari ya waye. A Nuwamban 2018 Hannity ya hau dandalin yaƙin zaɓen Trump a jihar Missouri ya yi jawabi. Bill Shine ya tashi daga shugabancin tashar ya zama babban jami'in sadarwa a Fadar White House, Pete Hegseth kuma daga shirin safiyar ƙarshen mako ya zama sakataren tsaro a 2025. Ranar 6 ga Janairun 2021, yayin da magoya bayan Trump ke cikin ginin majalisa, Hannity da Laura Ingraham da Brian Kilmeade sun aika wa shugaban ma'aikatan fadar, Mark Meadows, saƙonni suna roƙon a sa Trump ya ce mutane su koma gida. Ɗan jarida ba ya ba shugaban ƙasa shawara a asirce da rana sannan ya yi sharhi a kansa da dare kamar baƙo.

Ta uku ita ce ƙarya tsagwaronta, kuma Musulmi sun sha ɗanɗana ta. A Janairun 2007 shirin safe na tashar ya yayata cewa Obama ya yi karatu a makarantar masu tsattsauran ra'ayi a Indonesiya. CNN ta tura wakili Jakarta, ya tarar makarantar gwamnati ce ta kowa da kowa. A Janairun 2015 wani baƙo, Steve Emerson, ya ce birnin Birmingham na Ingila gaba ɗaya na Musulmi ne, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Firaminista David Cameron ya kira shi wawa, tashar ta nemi afuwa. A 2019 Jeanine Pirro ta yi tambaya a shirinta na tashar ko hijabin 'yar majalisa Ilhan Omar na nuna biyayya ga abin da ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka, tashar ta yi tir da maganar, shirin ya ɓace na mako biyu sannan ya dawo. A Mayun 2017 kuma shafin tashar ya buga labarin da ya danganta kisan Seth Rich, wani ma'aikacin jam'iyyar Democrat, da fallasar imel ɗin jam'iyyar. An janye labarin bayan mako guda, iyayensa suka kai ƙara, aka sasanta a 2020.

Makonni shida da suka tona komai

Daren 3 ga Nuwamban 2020, da misalin ƙarfe 11:20 agogon gabashin Amurka, teburin hasashe na Fox ƙarƙashin Arnon Mishkin ya sanar da cewa Biden ya ci jihar Arizona. Ita ce tasha ta farko da ta faɗa. Masana na iya jayayya kan ko an yi gaggawa, don tazarar ta ƙare a ƙuri'a 10,457 kacal, amma hasashen ya tabbata. Fadar Trump ta fusata, masu kallo ma haka. Trump ya shiga tura mabiyansa zuwa Newsmax da OAN, ƙananan tashoshin da suka ƙi amincewa da sakamakon. A farkon Disamba wani shirin Newsmax na ƙarfe 7 na yamma ya doke na Fox a rukunin masu shekaru 25 zuwa 54, rukunin da masu talla suka fi nema. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan.

Daga nan takardun kotu suka nuna abin da ya biyo baya, mataki bayan mataki. Ranar 8 ga Nuwamba Maria Bartiromo ta karɓi Sidney Powell, lauya a ɓangaren Trump, a shirinta, ta ba ta fili ta zargi Dominion. Ɗaya daga cikin madogaran Powell wasiƙar wata mata ce da ta rubuta cewa tana samun bayanai ta hanyoyi irin na mafarki da jin muryar iska, kuma Bartiromo ta ga wasiƙar kafin shirin. Lou Dobbs da Pirro da Hannity suka ci gaba da gayyatar Powell da lauyan Trump, Rudy Giuliani. Aka ce an kafa Dominion a Venezuela don murɗe wa Hugo Chavez zaɓe, alhali an kafa shi a Toronto ta Kanada a 2002, hedikwatarsa kuma a lokacin tana Denver ta Amurka. Aka ce na'urorin sun juya ƙuri'u, alhali jihar Jojiya ta sake ƙirga ƙuri'u kusan miliyan 5 da hannu, takarda bayan takarda, Biden ya sake fitowa a gaba. Sashen binciken gaskiya na Fox ɗin kanta ya duba zarge-zargen ya ce ba su da tushe. Dominion ya aika wa ma'aikatan tashar saƙonnin gyara sama da 3,600.

A bayan fage, Carlson ya rubuta wa abokan aikinsa cewa Powell ƙarya take yi. Hannity ya faɗa bisa rantsuwa cewa bai yarda da labarinta ba ko na daƙiƙa ɗaya. Murdoch ya kira zarge-zargen hauka a wasiƙunsa, daga baya kuma ya amsa a gaban lauyoyi cewa wasu masu gabatar da shirye-shiryensa sun goyi bayan labarin maguɗin, kuma yana da ikon hana gayyatar su Powell amma bai hana ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda aka yi da waɗanda suka yi aikinsu daidai. Wakiliya Jacqui Heinrich ta rubuta a Twitter cewa babu shaidar na'urorin sun sauya ƙuri'a. Carlson ya aika wa Hannity saƙo yana neman a kore ta, dalilinsa kuwa shi ne tana cutar da kamfani kuma farashin hannun jari ya faɗi. Neil Cavuto ya katse jawabin kakakin fadar, Kayleigh McEnany, yana cewa ba zai ci gaba da nuna zargi marar hujja ba, sai aka kai rahotonsa sama a matsayin barazana ga sunan tashar. Kristin Fisher ta tantance iƙirarin Giuliani bayan taron manema labarai na 19 ga Nuwamba, aka kira ta aka ce manya ba su ji daɗi ba, ta riƙa girmama masu kallo. Shi kansa Carlson, da ya faɗa a shirinsa a daren cewa Powell ta ƙi kawo masa shaida, masu kallonsa suka yi masa ca. A Janairun 2021 aka sallami Chris Stirewalt, editan siyasa da ya kare hasashen Arizona a kan allo, Bill Sammon mai kula da ofishin Washington kuma ya yi ritaya.

Halin da tashar ta shiga irin na maroƙi ne da ya shekara yana wasa ubangidansa: ranar da ubangidan ya yi abin kunya, bakin da ya saba da kirari ba ya iya faɗa masa, don daga hannunsa abinci ke fitowa. A nan ubangidan shi ne masu kallo, kuma tashar ce da kanta ta koya musu cewa duk wanda ya kawo labarin da bai yi musu daɗi ba maƙiyi ne.

Hujjar Fox a kotu ita ce, shugaban ƙasa mai ci da lauyoyinsa ne ke yin zargin, kuma zargin shugaban ƙasa labari ne da dole a kawo. Hujja ce mai ma'ana, kuma kowane ɗan jarida zai so a kare wannan 'yanci. Amma akwai bambanci tsakanin a ce wane ya yi zargi kaza kuma jami'an zaɓe sun musanta, da a zaunar da mai zargin mako bayan mako ana gyaɗa masa kai. Ranar 31 ga Maris 2023 alƙali Davis ya yanke cewa a bayyane yake ƙarara babu ɗaya daga cikin maganganun da aka yi kan Dominion da ke gaskiya. Abin da ya rage wa shari'ar shi ne ko tashar ta san haka, kuma saƙonnin na hannun lauyoyin Dominion. Shi ya sa aka biya kusan rabin dala biliyan 1.6 da aka nema. Tashar ta fitar da sanarwar cewa ta amince da hukuncin kotu cewa wasu iƙirari ƙarya ne, amma yarjejeniyar ba ta tilasta mata neman afuwa a kan allo ba. Kwana shida bayan haka aka raba gari da Carlson ba tare da bayyana dalili ba. Smartmatic, wani kamfanin na'urorin zaɓe, shi ma ya shigar da tasa ƙarar ta dala biliyan 2.7 a Fabrairun 2021, washegari aka soke shirin Lou Dobbs.

Abin da masu kare ta ke cewa

Magoya bayan tashar na da maganar da ta cancanci a saurara. Wani binciken Jami'ar Syracuse na 2022 ya gano cewa kashi 36 cikin 100 na 'yan jaridar Amurka sun ce su 'yan Democrat ne, kashi 3.4 kacal suka ce Republican. A ƙasar da ta rabu kusan gida biyu daidai, wannan giɓi ne babba, kuma yana bayyana a irin labaran da ake ɗauka da muhimmanci. Abokan hamayyar Fox ma ba su da tsabtar da za su yi tinƙaho da ita. CNN ta rabu da Donna Brazile a 2016 bayan an gano ta tsegunta wa kwamitin Hillary Clinton tambayoyin da za a yi mata. A 2017 'yan jaridarta uku suka ajiye aiki kan wani labarin Rasha da aka janye. A Disamban 2021 ta kori Chris Cuomo saboda taimakon ɗan uwansa gwamnan New York wajen kare kansa daga zarge-zarge. Tsohon shugabanta Jeff Zucker ya amsa cewa sun yi kuskuren nuna tarukan Trump kai tsaye ba tacewa a farkon yaƙin zaɓen 2016, abin da ya kawo musu masu kallo.

Duk wannan gaskiya ne, kuma cutar neman masu kallo ta kama tashoshin kebul gaba ɗaya. Amma ba adalci ba ne a ce duk kanwar ja ce. A misalan CNN, wanda ya yi laifi ne ya rasa aikinsa. A makonnin da suka biyo bayan zaɓen 2020 a Fox, waɗanda suka faɗi gaskiya ne aka tsangwama, kuma akwai rubutacciyar shaida cewa shugabanni sun san abin da ake yaɗawa ƙarya ne.

Tasirinta ya kai yadda ake faɗa?

Masu kallon Fox a lokacin da ta fi cika ba su cika wuce miliyan 2 zuwa 3 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330. Duk da haka bincike ya nuna tana motsa ƙuri'a. Stefano DellaVigna da Ethan Kaplan sun yi amfani da yadda tashar ta riƙa shiga garuruwa a lokuta mabambanta tsakanin 1996 da 2000. Da suka kwatanta garuruwa sama da 9,000, sai suka ga inda ta shiga ƙuri'ar Republican ta ƙaru da kashi 0.4 zuwa 0.7 cikin 100. A zaɓen da aka raba gardamarsa da ƙuri'a 537 a Florida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gregory Martin da Ali Yurukoglu sun bi wata dabarar a 2017: inda lambar tashar ke ƙasa-ƙasa a jerin tashoshi, mutane sun fi faɗawa kanta ba da niyya ba, kuma a waɗannan wurare ƙuri'ar Republican ta fi yawa. Amfanin waɗannan dabaru shi ne sun raba tsakanin wanda tashar ta sauya da wanda dama ra'ayinsa ne ya kai shi gare ta. Binciken Jami'ar Maryland na 2003, wanda ya gano kashi 80 cikin 100 na masu kallon Fox na riƙe da aƙalla fahimta ɗaya ta kuskure kan yaƙin Iraƙi, bai iya raba waɗannan biyu ba, don haka a riƙe shi da hattara.

Babban tasirin ma ya fi yawa ta sama. Ɗan majalisar Republican ya san masu zaɓen fitar da gwani a mazaɓarsa Fox suke kallo, saboda haka yana auna maganarsa da abin da za a ce a kansa da ƙarfe 9 na dare. Shugaban ƙasa ma yana kallo, kuma a nan ne abin ya shafi Afirka kai tsaye. A Agustan 2018, jim kaɗan bayan Carlson ya yi shiri kan ƙwace gonakin fararen fata a Afirka ta Kudu, Trump ya rubuta a Twitter cewa ya umarci sakataren harkokin waje ya binciki lamarin, har ya ambaci sunan Carlson da tashar a saƙon. CNN kuma ta ruwaito cewa a ƙarshen Oktoban 2025 Trump na kan hanyarsa ta zuwa Florida ya kalli wani rahoton Fox kan kashe Kiristoci a Najeriya. A ranar ya sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, washegari ya yi barazanar ɗaukar matakin soja. Kashe-kashen da ake yi a Binuwai da Filato gaskiya ne, kamar yadda na Zamfara, Katsina, Sakkwato da Borno suke gaskiya, inda akasarin waɗanda ake binnewa Musulmi ne. Rahoton minti kaɗan da ya ɗauko rabin wannan hoto ya bar rabi ya isa teburin mutumin da ke da ikon tura jiragen yaƙi.